Fitilar dare da allo mai ƙyalli: abin da za ka saya a Yamai, da wanda za ka bar wa mai shago

Abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira su "allo mai haske", kuma daga wannan haɗawar ake fara asarar kuɗi. Na farko allo ne da kake rubutu a kansa da alƙalami mai ƙyalli, rubutun ya yi ta walƙiya muddin fitila na kunne, kana kashe ta ya mutu nan take. Na biyu allo ne da ke shan haske ya riƙe, ya ci gaba da annuri bayan an kashe komai. Kayan wannan daban, na wancan daban. Abin da ya haɗa su kawai shi ne fitilar da ke tayar da su: ƙwayar led mai fitar da hasken bayan-shunayya, wadda za ka ga an rubuta UV a jikin ledarta.

Ni ƴata ta tsakiya ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Da zarar wuta ta ɗauke cikin dare sai ta ta da gidan kaf da kuka. Na haɗa iri biyun, na ƙona ƙwayoyi, na sayi fentin da bai yi aiki ba, sannan na gane inda aka dosa. Bari in faɗi matsayata tun yanzu don kada ka sha dogon karatu a banza: fitilar UV ba fitilar barci ba ce. Aikinta ta cika allon da haske na minti ɗaya ko biyu a kashe ta, allon ya kwana yana gadin ɗaki.

Lambar da ke jikin leda

Kafin ka tambayi farashi, nemi lambar nanomita, wato ma'aunin zangon hasken. Idon ɗan Adam yana fara gani sosai daga wajen 400 zuwa 700. Ƙwayar 395 tana bakin iyakar nan, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, shi ya sa take rina bango da shunayya kamar an fito da shi daga marina. Ta 365 ta shige can inda ido ba ya kaiwa. In ka haska ta a bangon laka, ɗan fari dishi-dishi kawai za ka gani, har ka ɗauka batir ne ya ƙare. Amma juya ta kan rubutun alƙalami mai ƙyalli, sai ka ga rubutun ya tashi shi kaɗai, ba wata shunayya da ke dusashe shi.

A ido, 365 ta fi kyau, ba gardama. Duk da haka 395 nake ba mutane shawara. Ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ta fi samuwa. Ta 365 mai inganci tana zuwa ne a kan faifan alminiyam saboda zafin da take yi, ga shi mu nan a watan Afrilu da Mayu zafin gari da kansa ya haura 40, ɗakin kwano kuwa ba a magana. Sannan akwai abin da da yawa ba su sani ba sai sun riga sun saya: fileksigilas na yau da kullum, wato robar nan mai kama da gilashi da ake yin allon rubutu mai ƙyalli da ita, yana shanye mafi yawan hasken 365, ya bar na 395 zuwa 405 ya ratsa. Ka biya tsada ke nan don robar allonka ta haɗiye.

Akwai iri na uku da ba na so ko a hannu ka riƙe. Shi ne wanda aka rubuta wa UVC, ko lamba 254, ko 265 zuwa 280, wanda ake tallarsa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, ya kuma yawaita tun lokacin korona. Wannan yana ƙona fata da ido. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon mai walda ya san ciwon: a lokacin ba ka jin komai, sai bayan sa'o'i ido ya zama kamar an zuba masa yashi. Ba shi da wuri a ɗakin yara.

Ko 395 ɗin ma ba a ƙura mata ido. Tunda ido ba ya ganin yawancin haskenta, ƙwayar ido ba ta tsukewa ta kare kanta kamar yadda take yi gaban rana, kuma idon yaro ya fi na babba barin wannan haske ya wuce ciki. Ka juya ta ta fuskanci allo, ka rufa mata baya da katako ko gwangwani.

Ƙwaya, zare ko tocila

Ƴan ƙwayoyi masu ƙafa biyu, na milimita 5, su ne na mai koyo. Kowace tana son bolt 3 da ƴan kai, da miliampa 20. Doguwar ƙafa ce ke zuwa wajen alamar +. Kada ka jona ta kai tsaye, sai da rezistans, ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga ƙwaya, in ba haka ba za ta yi haske ɗaya mai kyau ta tafi ke nan. Lissafin bai fi na mai kanti wuya ba: cire abin da ƙwaya ke ci daga abin da tushen wuta ke bayarwa, raba ragowar da 0.02. A kan bolt 5 na cajar waya, 5 a cire 3.3 saura 1.7, a raba ya ba da 85, sai ka sayi mai om 100, kowace ƙwaya da tata. A kan batirin sola mai bolt 12, jera uku kamar raƙuman ayari ka sa musu rezistans ɗaya. Ga inda na ƙone nawa: na yi lissafi da 12, na manta cewa da rana, lokacin da farantin sola ke caji, batirin yana haura 14. Sa mai om 220 ka huta.

Zaren led, wanda ke zuwa a naɗe da gam a bayansa, ya zo da rezistans ɗinsa a jiki. Na bolt 12 ana yanka shi bayan kowace ƙwaya uku, daidai inda aka zana almakashi. Mai ƙananan ƙwayoyi 60 a mita yana cin wajen wat 5 a kowace mita, mai lamba 5050 kuwa yana kusan ninka haka uku. Ga allo mai girman littafin rajista, rabin mita na ƙaramin ya wadatar. Gam ɗin bayansa ba ya jure zafinmu, ka ƙara masa ƴan ƙusoshi ko ka matse shi cikin ramin katako. In akwai zaɓi, ɗauki wanda ba a lulluɓe shi da roba mai hana ruwa ba, domin robar tana rikiɗa ruwan ɗorawa da daɗewa ta rage hasken.

Tocilar duba takardun kuɗi ita ce hanyar wanda ba ya son haɗa waya da dalma. Tana aiki, sai dai ƴan batiran cikinta ba sa daɗewa.

Wutar da za ta ci

Cajar waya ita ce mafi sauƙi, amma tana mutuwa daidai lokacin da ake buƙatarta, wato in an ɗauke wuta. Fawabank ya fi, sai dai yana da wani hali: da yawansu suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, suna ɗauka waya ce ta cika. Ƙwaya ɗaya ko biyu ba sa isa su riƙe shi a farke, biyar ko shida sukan isa. Gwada naka kafin ka rufe akwati.

Ni na fi son batir ɗaya mai lamba 18650, irin da ake cirowa daga tsohon batirin kwamfutar hannu, tare da ɗan faifan caji TP4056, irin wanda ke da kariyar hana batir zubewa ƙasa. Batirin bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2, don haka rezistans mai om 47 ga kowace ƙwaya. In yana riƙe miliampa-awa 2000, ƙwaya huɗu za su yi wajen awa 25 a lissafin takarda, kai kuwa minti biyu kake kunnawa a dare. Kada ka saya in ya kumbura ko rigarsa ta yage, kada kuma ka bar shi yana caji a rana ko cikin mota, domin irin wannan batir ba a cajinsa in zafi ya wuce 45. Wutar gida mai bolt 220 kuwa kada ta shiga akwatin nan ko kaɗan, ta tsaya a cikin caja.

Allon kansa

A nan ne kuɗi ke tafiya, a nan kuma aka fi cutuwa.

In allon da ke riƙe haske kake so, garin fentin iri biyu ne a duniya. Tsohon shi ne zinki salfaid, wanda ke cikin ƴan taurarin roba masu araha da ake liƙa wa yara a rufin ɗaki. Yana ɗaukar haske da sauri, yana sakinsa da sauri, kafin yaro ya yi nisa a barci ya mutu. Sabon shi ne sitirontiyam aluminet, wanda kamfanin Nemoto na Japan ya fito da shi a 1993, kuma ya ninka tsohon wajen sau goma a ƙarfi da daɗewa. Shi ne a kan hannayen agogon zamani da alamomin ƙofar fita ta gaggawa. Kada ka zaci zai kwana da ƙarfin da ya fara. A mintunan farko yana da haske har ka ga fuskar na kusa da kai, sai ya sauka da sauri ya tsaya a wani ɗan annuri mai laushi, wanda idon da ya saba da duhu ke gani har wajen asuba. Wannan ɗan annurin shi ne duk abin da yaro mai tsoron duhu ke buƙata.

Launi ma zaɓi ne. Kore ya fi kowanne ƙarfi, shuɗi mai ratsin kore na bi masa, ja da shunayya kuwa kwalliya ce kawai, ba sa daɗewa. Wata ƙanwar mahaifiyata da ta ga allon ta ja da baya ta ce, "Ɗana, wannan ba irin gubar agogon da ba ce?" Tana da hujja, agogunan da can da sinadarin radiyam ake shafa su. Wannan garin ba ya fitar da komai sai hasken da ya sha. Abin kiyayewa kawai kada a shaƙe shi yana gari, kada yaro ya kai shi baki.

Za ka same shi ko dai a matsayin takarda mai gam da aka riga aka shafe, ko gari da za ka dama da kanka. Takardar ta fi tsabta da sauƙi, in ka samu faffaɗa ɗauke ta. Garin ya fi ba da kauri, amma yana da sharuɗɗa. A fara shafa wa katakon farin fenti, domin fari ne ke maido da hasken waje. A dama garin cikin berni garai-garai, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, ba cikin fenti mai launi ba, don launi yana binne shi. Ruwa yana lalata shi sai in irin da aka yi wa riga mai hana ruwa ne, saboda haka kada a zuba shi cikin fentin ruwa. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

Daɗin wannan allo shi ne ba ya buƙatar tawada. Cusa ƙwaya ɗaya cikin gangar tsohon biro, ka jona mata waya, ka yi rubutu da haske, bayan ƴan mintuna ya dushe da kansa. Yaran gidana hannu suke ɗorawa a kunna fitila a kashe, inuwar hannun ta tsaya a allo.

In kuwa kai mai shayi ne ko mai butik, kana son "Akwai ƙanƙara" ko "Kilishi ya iso" ya ja ido da dare, allon farko, na rubutu da alƙalami mai ƙyalli, shi ne naka. Fileksigilas mai kaurin milimita 4 ko 5, a goge gefensa da takardar yashi mai laushi, a liƙa zaren led a gefen. Hasken yana kulle a cikin robar, ba ya fita sai inda tawada ta taɓa. Sa baƙin kwali a baya, amma kada ka manna shi da gam a jikin robar, gam ɗin zai zubar da hasken. Gilashin taga ya fi araha, sai dai korensa yana cinye haske kafin ya kai tsakiya, ga fashewa. Alƙalamin da ya dace shi ne mai ruwan alli mai ƙyalli, wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Na shafa wa rubutu launi da ƴan lakwal ke amfani da shi yana ƙyalli a takarda, a roba kuwa taruwa yake yi ɗigo-ɗigo. Kada ka goge da tina, ruwan tsinka fenti, ko giyar asibiti, robar za ta tsattsage. Lokacin hunturu kullum sai ka share, don ƙura ma tana kama hasken. Kuma gaskiya, a wannan allon farin led ko shuɗi ma yana tayar da rubutu, ba dole sai UV ba.

Zuwa kasuwa

Katako da ƴan guntayen fileksigilas, nemi su a kasuwar Katako ko wurin masu yin allon talla, ragowar yankansu ta ishe ka. Ƙwayoyi, rezistans da faifan caji, wurin masu gyaran rediyo da waya da ƴan kayan lantarki na kewayen Babbar Kasuwa. Garin fenti shi ne mai wuyar samu, sau da yawa sai an yi saƙonsa ta masu zuwa Kano ko masu odar kaya ta intanet.

Tafi da takarda a aljihu da ka ja wa layi da alƙalami mai ƙyalli. Wani mai shago ya taɓa ce mini, "Malam, ai duk UV ne." Na ce, "Alhaji, a jona mini in gani." Da aka jona, shunayya ce kawai ta ado, layin bai ko motsa ba. Garin fenti kuma ka haska shi, ka rufe shi cikin tafin hannu ko jaka, ka je ka yi sauran cefane, ka leƙa bayan rabin awa. In ya mutu, tsohon iri ne.

Wani abu da damina ta koya mini: wannan haske yana kiran ƙwari, gina da shinge da duk wani mai fiffike, don haka kada a bar shi kunne kusa da shimfiɗar tsakar gida. Amma tocilar da kanta kada ka jefar. Kunama tana ƙyalli kore-shuɗi a ƙarƙashinta, ko tana maƙale a tsagar bango. Ni kafin a shimfiɗa tabarma sai na zagaya gindin katanga da ita, in leƙa cikin takalman yara.