Kayan gyaran cikin Windows ko kile daga waje: da wanne za a fara?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun da hantsi, sai yanzu bayan la'asar na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba: kuran ne ya ɗauke tana tsakiyar aiki, batirin kwamfutarta HP kuma ya daɗe da mutuwa. Tun daga nan in ta kunna sai «Préparation de la réparation automatique» ya fito, ya yi ta juyi, ya koma farko. Memuwar ɗinta na jami'a, wato kundin kammala karatunta, yana ciki, ba ta da kwafi a ko'ina. Wani ya ce ta danna «Réinitialiser ce PC», wani ya ce ta nemi kile (USB) mai kayan gyara na Hiren's. Da wanne za ta fara?

Duka biyun ina aiki da su, amma ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba.

Kayan cikin Windows daɗinsu shi ne suna nan tare da ke. Ba ki sayi kile ba, ba ki ƙona forfe ba. In kwamfuta ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta take buɗe wani shuɗin shafi na gyara. A cikinsa akwai «Réparation du démarrage», mai gyara fayilolin tashi in ɗaukewar wuta ta dagula su, kuma sau da yawa iyakar ciwon ke nan. Akwai «Restauration du système», mai mayar da Windows yadda yake kwanakin baya ba tare da ya taɓa takardunki ba. Sai dai yana buƙatar a ce an taɓa ajiye masa wurin komawa, kuma yawancin kwamfutocin da ake kawo mini a kashe nake tarar da wannan tsarin. Kin buɗe, ya ce babu komai, magana ta ƙare.

Shi kuwa «Réinitialiser» da aka ba ki shawara, ko kin zaɓi a bar miki takardu, zai kwashe Word da duk manhajar da aka sa, sannan ya yi dogon rubutu a kan diski. Nan gizo ke saƙa. Duk kayan nan a kan diskin da ake zargi suke zaune, kuma a kansa suke aiki. In Windows ne kawai ya rikice, lafiya lau. In kuwa diskin ne ke kan hanyar mutuwa, kowane gwaji ƙara masa nauyi ne. Haka umarnin duba diski na chkdsk /r da ake ta yaɗawa a guruf-guruf: yana bin diski lungu-lungu, yakan ɗauki awoyi, mai rauni kuma yana iya cikawa a tsakiyar aikin. Garin neman gira a rasa ido. Na taɓa yi wa wani malamin makaranta wannan gangancin a farkon fara sana'ata, har yau in mun haɗu a Kasuwar Dole sai na ji kunya.

Kile kuwa daga waje yake zuwa. Hiren's BootCD PE ƙaramin Windows ne da ke tashi daga kan kilen, bai damu da ko na cikin kwamfutar yana da rai ba. Kyauta ne. Da ya tashi za ki ga diskinki kamar na baƙo, ki buɗe, ki kwashe memuwar ki zuba a wani wurin. Daga nan sai a tambayi diskin lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa a yi ta kansa. Ni layuka biyu nake fara dubawa, 05 da C5. Na farko yana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su, na biyu waɗanda ke jiran hukunci. In lambobin nan suna hawa, babu gyaran Windows da zai tsaya.

Amma kada a ce miki hanyar kile shimfiɗaɗɗiya ce. Tana da nata ƙayoyin, kuma su ne ke sa mutane su ce «Hiren's ɗin ba ya aiki».

Sai kin samu wata kwamfuta mai lafiya da intanet, don fayil ɗin Hiren's da za ki sauke ya kai wajen giga 3, kuma kin san yadda rezo yake mana da rana. Sai kile na gaskiya, mai giga 8 ya isa. Na bakin titi da aka rubuta masa 64 a jiki alhali cikinsa bai kai ba zai ɓata miki yini. Rufus, wata 'yar manhaja, shi ne ke rubuta shi a kan kilen, kuma duk abin da ke kan kilen zai goge. A Rufus ɗin ne aka fi yin kuskure, wajen zaɓen tsarin da za a rubuta kilen da shi: sabuwar kwamfuta mai tsarin tashi na UEFI tana son GPT, tsohuwa mai BIOS tana son MBR. In an saɓa, kilen ba zai ma fito a jerin abubuwan da kwamfuta za ta iya tashi daga kansu ba. A HP, F9 ake dannawa da an kunna don buɗe wannan jerin. Dell da Lenovo galibi F12.

Wani abin dariya da ke rikita mu nan Damagaram: maɓallanmu na Faransanci ne, kilen kuma yakan tashi da tsarin Ingilishi. Ki danna A ya ba ki Q. Mutum ya rubuta umarni daidai, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Haka ma harafin diski yakan sauya, abin da kika sani da C ya koma D, a kilen da ma cikin shuɗin shafin.

Ƙayoyi biyu ne masu tsanani. In kilen ya tashi amma bai ga diski sam ba, a wasu sabbin kwamfutoci tsarin RAID ko VMD na Intel ne ke ɓoye shi. Ana iya sauya shi zuwa AHCI a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, amma a mayar yadda yake bayan an gama, in ba haka ba Windows zai ƙi tashi da sabon dalili. Na biyun BitLocker ne, makullin da Windows ke sa wa diski. In diskin a kulle yake, babu Hiren's babu kakansa, sai lambobi 48 na buɗewa, waɗanda galibi suna cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Masu sayen ta hannu daga Kano, ku tambayi wannan tun a wurin ciniki.

To, ke da memuwar ke ciki, kile za ki fara da shi, ba don ya fi iya gyara ba, don shi ne ke ba ki damar fitar da kaya kafin a taɓa ginin. Da a ce kina da kwafi a waya ko a imel, da na ce ki danna «Réparation du démarrage» tun yanzu, ki huta da neman kile.

Kafin ki samo shi ma akwai abin da za ki iya a daren nan, kyauta. Kashe ta, ki kunna, ki yi ta danna F2. HP tana da nata gwajin da ba ya bi ta Windows. Zaɓi gajeren gwajin diski, mintoci kaɗan ne, sannan na ram. Ki jona caja, ki ɗora ta kan tebur ba kan katifa ba, don da zafin garin nan da ƙurar da fankarta ta sha tana iya mutuwa a tsakiyar gwaji, ki ɗauka wani ciwon ne. Ki kuma kasa kunne: in kin ji ƙas-ƙas daga ciki, kashe ta nan take, kada ki sake kunnawa sai a gaban mai gyara.

In diski ya ci gwajin, kin kuma kwashe takardunki, sai ki koma shuɗin shafin: gyaran tashi tukuna, sannan «Restauration», «Réinitialiser» a can ƙarshe. In ya faɗi, zai nuna miki wata doguwar lamba. Ɗauki hotonta ki turo nan, mu ga ko sabon diski za a nema.