"Ya wuce" ko lamba: yadda ake rubuta awon rami da fil

Ɗan'uwa, ka yi tambaya: in ka auna ramin da aka huda a jikin ƙarfe da fil ɗin awo, wato ɗan sandan ƙarfe mai sanannen kauri da ake zurawa cikin rami, me ya kamata ka sa a rahoton dubawa, "ya wuce" kawai ko lambar girmansa? Mu ɗauka zanen aikin ya ce ramin ya tsaya tsakanin milimita 6.00 da 6.03.

Hanya ta farko fil biyu kawai take bukata. Na 6.00 ya shiga har ƙasa, na 6.03 ya ƙi, sai ka rubuta "ya wuce". Tana da sauri, kuma ba ƙarya a cikinta, domin iyakar abin da fil ya sani ke nan. Aibinta ɗaya: ba ta faɗa maka ko ramin yana tsakiya ko ya kai gargara. Bakin abin huda yana cinyewa, ramuka suna tsukewa, rahoto yana ta cewa lafiya lau, har ranar da fil ya tokare.

Ta biyu kuwa, ka bi fil ɗaya bayan ɗaya: 6.01 ya shiga, 6.02 ya ƙi. A nan ne nake ganin ana yawan tuntuɓe. Wani sai ya rubuta 6.01 a matsayin girman ramin, alhali fil ba ya shiga ramin da suke daidai wa daida, dole ramin ya ɗara shi ko yaya. Wani kuma ya raba tsakani ya rubuta 6.015, lambar da babu wanda ya auna. Ga shi fil ɗin kansa ba cif yake ba: na ajin ZZ, ɗaya daga cikin matakan daidaiton fil, an yarda ya kauce da milimita 0.005, sama ko ƙasa gwargwadon irin setin da ka saya. Kuma wurin da ya fi matsewa kaɗai fil yake ji. In ramin ya yi siffar ƙwai, ko ya faɗaɗa daga ciki, ba zai nuna maka ba. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe a bakin rami ma ya isa ya hana shi shiga, shi ya sa nake goge bakin kafin awo, kuma ba na danna fil da ƙarfi.

Ni dai ta biyun na fi so, amma a rubuta ta yadda ta faru: "6.01 ya shiga, 6.02 ya ƙi", tare da lambar setin, ajinsa da ranar da aka tantance shi. Duk wanda ya ɗauki takardar bayan shekara zai san abin da hannunka ya yi. A aikin yau da kullum mai yawa, ta farko ta wadatar.

In kuwa mai kaya lamba ta gaskiya yake so, kamar rahoton AS9102 na duba kayan da aka fara ƙerawa a sana'ar jiragen sama, wanda ya fi son lamba duk inda za a iya samunta, to ajiye fil ka ɗauko ma'aunin cikin rami ko injin CMM, wato na'urar da ke auna girma da siffar kaya dalla-dalla, ka auna a zafin digiri 20 na Salshiyas.