Daliya ko baurere: wanne zai yi a tsakar gida a Birnin Kebbi?

'Yar'uwa, kin ce kina da wuri a gindin katanga, kina son fure mai saiwa da zai riƙa dawowa duk shekara, kin rasa na zaɓa tsakanin daliya da baurere. Duka biyun na shuka su.

Daliya baƙuwa ce. Asalinta tsaunukan Meziko ne, inda dare ke da sanyi, shi ya sa zafinmu na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yake dafa ta. Hunturu ne kawai lokacinta a nan. Ki binne saiwar a Nuwamba cikin tukunya mai huji a gindi, ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki. Saiwar kamar dankali take, amma sai ta zo da wuyan tsohon kara, don nan idon yake. Kada ki cika mata ruwa kafin ta tsiro, ruɓewa take yi. Ajiyar saiwar zuwa baɗi ce wahalar. Sau biyu tana bushe mini ƙayau a bazara.

Baurere kuwa, wanda wasu ke kira gatarin kurege, ɗan gida ne, da kansa yake fitowa a daji da damina. Saiwarsa kamar 'yar gwafa take. Idan ruwa ya zauna a Yuni, ki kwantar da ita a zurfin santimita 10, a hankali, don in bakin ya karye ba za ta tsiro ba. Ƙarshen ganyensa lanƙwashewa yake ya kama zana ko igiya ya hau. Furen ja da rawaya, kamar harshen wuta. Har ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa. Da kaka sai ya bushe, saiwar ta kwanta a ƙasa, ba ruwanki da ban ruwa sai wata daminar.

Amma ki ji wannan da kyau: baurere dafi ne tun daga saiwa har iri, kuma yana kisa. An sha samun waɗanda suka ci saiwar da zaton doya ce ko dankali.

In gidan babu ƙananan yara, babu awaki, baurere zan ba ki, shi zai riƙa dawo miki. In akwai mai rarrafe ko mai tonon ƙasa, ki haƙura da shi, ki sa daliya a tukunya, ko da kuwa duk hunturu sai kin sayi sabuwar saiwa.