Kebul ɗin sauke giya na Lokar a tsohuwar Chevrolet C10, bayan wata shida

A-kori-kurar da nake magana a kanta Chevrolet C10 ce ƙirar 1971, mai injin silinda takwas da giya otomatik, wadda na gada daga kawuna da ya shekara da shekaru yana dakon kaya da ita a unguwar Agege da ke Legas. Abin da ya fi damuna da ita shi ne, idan ina kan titin Ikorodu na so in sha gaban wata danfo, wato bas ɗin haya, ko na taka totur har ƙasa motar ba ta saukowa daga giya ta uku zuwa ta biyu, sai dai inji ya yi ta nishi tana jan jiki. Da bakanikena ya buɗe gaba, muka tarar kebul ɗin da ke wannan aiki, wanda masu gareji ke kira kikdawun, ya tsinke, an naɗe ragowarsa da wayar wuta a jikin inji.

Na so in tafi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, nan take, amma ya tsayar da ni ya ce, "Alhaji, mu shiga ƙarƙashi mu ga wace giya ce tukuna." Shawarar nan ita ta cece ni, domin wannan kaya akwatin giya yake bi, ba shekarar mota ba, kuma motar da ta haura shekara 50 da wuya a ce ba a taɓa canza mata akwati ba. Akwatunan giya samfurin TH350 da TH400 duk noti 13 ne ke riƙe da kwanon mansu, sai dai kwanon TH350 kusan murabba'i ne da aka datse wa kusurwa ɗaya, kuma kebul ke shiga akwatin ta gefen dama. TH400 ba ta da kebul sam, makunni ne ke tura mata lantarki idan an taka totur. Wadda ta fi haɗari ita ce 700R4, da ta fito a 1982, mai noti 16, wadda mutane da yawa ke dasawa a tsofaffin motoci saboda giyarta ta huɗu. Kebul ɗinta yana kama da na TH350 a ido, amma shi yake daidaita ƙarfin man giya, kuma idan ya yi sako-sako faifan kuloch na ciki ne za su ƙone. Tawa TH350 ce.

Kebul ɗin na Lokar, kamfanin da ke jihar Tennessee a Amurka, wani ɗan'uwa ya taho mini da shi. Rigarsa saƙar ƙarfe ce marar tsatsa, abin da ke da muhimmanci a garin da damshi da iskar teku ke cinye ƙarfe, kuma ana yanke shi daidai tsawon da ake buƙata. Wannan ya yi mini amfani ƙwarai, saboda an riga an cire kafireton asali na Quadrajet an sa Edelbrock, tsohon mariƙin kebul ɗin bai dace da shi ba. Mai saye ya sani cewa mariƙin daban ake sayar da shi, gara ya yi odar su tare.

Ɗaurawa ba ta kai awa biyu ba. Inda muka daɗe shi ne saiti: ni ina zaune na danne totur ƙasa inji a kashe, shi yana sunkuye a kan kafireto yana jan kebul da yatsu har sai da ya kai ƙarshensa daidai lokacin da bakin kafireton ya buɗe gaba ɗaya, sannan ya ɗaure ƙaramin dunƙulen da ke riƙe shi. Sau uku muka maimaita kafin ya gamsu.

Yau wata shida ke nan, da damina a ciki, ban ga ɗigon man giya a bakinsa ba, saitin ma bai motsa ba. Yana da tsada ga mai biya da naira, amma mai TH350 da ya canza kafireto, ina ba shi shawarar ya saye shi tare da mariƙinsa, bayan ya ƙirga notin kwanon giyarsa da kansa.