Jakar goyo ta gwanjo: sati bakwai da ita a bakin tekun Ghana

Tun da na dawo Bauchi ake tambayata labarin jakar nan da ake gani a bayana cikin hotuna, wai a ina na saya, kuma ta yi ko ba ta yi ba. To bari in faɗa sau ɗaya in huta.

A Kasuwar Wunti na same ta, wajen 'yan gwanjo. Irin ta Turawa masu hawan dutse ce, mai cin lita 60, da siraran ƙarafa biyu na alminiyam a ciki ta wajen baya, da ɗamara mai kauri da ake ɗaurawa a ƙugu. Tambarin kamfanin ya goge tun kafin ta zo hannuna. Mai kayan ya ɗaga ta ya karkaɗe, ya ce, "Malam, wannan ko Gwanja za ka da ita a ƙafa, sai ta kai ka ta dawo da kai." Na yi dariya kawai. Bai san can ɗin na nufa ba, don Gwanja a arewacin Ghana take, sai dai ni zan wuce inda fataken goro suka tsaya, har in dangana da ruwa.

Kafin tafiya na zuba mata shinkafa kilo 14 na je na hau duwatsun Dass da ita, wani abokina yana ta yi mini tsiya wai na zama ɗan dako ba lada. A nan na gane sirrin jakar. Kafaɗa ba ita ke ɗaukar kaya ba. In ka ɗaure ɗamarar daidai kan ƙashin ƙugu ka ja ta tamau, nauyin sai ya sauka ƙafafu, igiyoyin kafaɗa aikinsu kawai su hana jakar rinjayarka baya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mace ke goya yaro da zani da majanyi ya riga ya san wannan ilimin. Jakar makaranta ko ta kwamfuta ba ta da shi, shi ya sa awa biyu take gasa maka wuya.

Hanya ba sai na ja ba: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, sai Takoradi. A ƙasan mota aka riƙa cusa ta tare da buhunan mutane, ba abin da ya same ta. Daga Takoradi na hau ƙaramar bas, wadda suke kira tro-tro, zuwa Agona Nkwanta, na gangara Butre. Daga nan ƙafa ta karɓi aiki: Busua, Dixcove, Akwidaa, Cape Three Points, Princess Town, har Axim. Tafiyar ba ta da tsawon da za ta ci sati bakwai, ni ne nake zama kwana huɗu nan, sati guda can.

A makon farko ban da yabo ba abin da nake mata. Na hau tudun Butre da ita zuwa kangon ganuwar Batenstein da 'yan Holan suka gina a 1656, hawa ne mai tsini, amma ba ta yi mini lilo a baya ba. Aljihunan gefe na raga an yi su ne don gorar ruwa, ni kuwa ɗaya na ba buta, ta zauna daram kamar don ita aka ɗinka. Igiyoyin ƙasa da ake ɗaure tanti da su suka riƙe mini dadduma da gidan sauro. Aljihun murfi ya ɗauki fasfo, katin allurar shawara da ake tambaya a kan iyaka, tocila da caja. Kilishi da ƙuli-ƙulin da na taho da su suna can ƙasa.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne gishiri. Mu a nan ƙura muka sani da zafin rana, kayanmu bushewa suke yi su tsage. A can kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, kuma da gishiri a cikinta. A watan Agusta na je, lokacin da gaɓar ta fi sanyi, hazo-hazo da safe, rigar da ka wanke yau sai jibi ba ta gama bushewa ba. Kwana goma kacal kan zif ɗin aljihun gefe ya yi wani farin gari kamar kanwa, ya ƙame. Na ja da ƙarfi, ya gutsure a hannuna. Ga kuma yashi, wanda ke shiga haƙoran zif yana cinsu a hankali. Babban bakin jakar da igiyar zarge ake tsuke shi, kamar bakin wandon buje, shi bai taɓa ba ni matsala ba. Duk wajen da ke da ƙarfe kuwa sai da ya nuna hali.

Na biyu, rufin roba da ke shafe a cikin yadin don hana ruwa. Tsohuwar jaka ce, kuma danshi ya ƙarasa abin da shekaru suka fara. Sai ya fara saɓulewa kamar fatar maciji, yana danƙo, yana manne wa fararen kayana, ga wani wari mai tsami. Wannan laifin gwanjo ne, kuma da na san in juya cikinta in murza da yatsa a Wunti, da na gani tun a can.

Ranar da na fi jin haushinta ita ce ranar da aka ƙetare da ni bakin wani rafi a kwalekwale, daidai inda yake haɗuwa da teku. Na lulluɓe ta da 'yar rigar ruwanta na ɗauka shi ke nan. Igiyar ruwa ɗaya ta mari gefen jirgin, ruwa ya taru a ƙasa inda jakar ke zaune, ya shiga ta gindi. Rigar ruwan an yi ta ne don ruwan da ke saukowa daga sama. Garin kwakina ya zama kunu, littafin da nake rubutu a ciki ya kumbura. Fasfo dai Allah ya kiyaye, yana sama. Tun daga ranar na sayi babbar baƙar leda na shimfiɗa a ciki, komai a cikinta nake zubawa in murɗe baki. Ledar da ba ta kai kuɗin shayi ba ta fi rigar ruwan amfani nesa ba kusa ba.

A Akwidaa ɗinkin igiyar kafaɗar hagu ya fara buɗewa, bayan na ƙetare gadar katakon da ta haɗa tsohon gari da sabo. Na yi sa'a Talata ce. A gaɓar nan masunta ba sa fita teku ran Talata, rana ce ta gyaran koma. Ko'ina ka duba ga manyan kwalekwale a kan yashi, kowanne an fafe gindinsa daga gungumen icen wawa guda ɗaya, an yi masa fenti da tutoci da rubuce-rubuce, maza suna zaune a inuwarsu koma shimfiɗe a kan ƙafafu. Wani saurayi mai tsire, ɗan Zango, shi ya yi mini tafinta. Tsiren ma chichinga suke ce masa, kokon safe kuwa sunansa a can Hausa koko. Hausarsa ta burge ni, mace da namiji duk "ya" ne, sai ya ce matata ya tafi kasuwa. Ya kai ni wurin wani dattijo ya ce, "Baba, ga baƙo daga Najeriya, jakarsa ya yage." Tsohon ya juya ta, ya ja igiyar, ya ɗauko zaren koma na roba ya yi mata ɗinkin da har yau ban ga alamar zai motsa ba. Aljihun da zif ɗinsa ya mutu kuwa ya huda masa ƙofofi ya zarga igiya kamar takalmin ƙwallo. Na miƙa masa sidi, kuɗin ƙasar, ya ture hannuna, sai da na sayo tsire muka ci tare.

Shi ya nuna mini in riƙa ɗauraye sauran zif ɗin da ruwan daɗi kowace yamma in goga musu kyandir. Da kyandir ya ƙare na koma man kaɗe, shi ma ya yi, sai dai yana kama yashi. Da haka na kai Cape Three Points, ƙarshen Ghana ta kudu, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, na wuce Princess Town na ga ganuwar da Jamusawan Brandenburg suka fara a 1683, na ƙare a Axim gindin ta 'yan Fotugal ta 1515. Ba wani zif da ya sake mutuwa.

In za ka Yankari, ko Dass, ko Mambila, ko doguwar tafiyar mota, saya kawai, kuɗinka ba su faɗi ba. Yadin da ƙarafan da ɗamarar sun fi na sababbin jakunkuna masu ƙyalli da ake rataye wa a bakin shago. In bakin teku za ka, nemi mai zif na roba mai manyan haƙora, wadda aljihunanta ba su da yawa, ka juya cikinta ka shinshina kafin ka biya. Kuma ka gwada ta da kaya a ciki, don tsawon bayan jaka kamar lambar takalmi ne. Tawa ta ɗan fi ni tsawo, sai da na sa tsumma a ƙugu sati guda kafin fata ta saba.

Akwai abu guda da ba wanda ya iya gyarawa. Agusta lokacin kifi ne, mata suna banda dare da rana a kan murhun laka, tire bisa tire, kuma ɗakunan da na kwana yawanci a bayan murhun suke. Hayaƙin ya shige soson ɗamarar ya zauna. Na wanke da omo sau uku, na shanya a ranar Bauchi, uwargida ta turara ta da turaren wuta, a banza. Yanzu dai an yanke mata hukuncin zama a zaure, a rataye a ƙusa, kuma magen maƙwabta ta mai da ƙasanta wurin kwana. Ƙanena na son in ara masa zuwa sansanin hidimar ƙasa. Na ce ya je ya shinshina tukuna.