Haɗa Keken Hawan Dutse a Kano: Firam, Giya da Kayan Jabu

Wanda zai haɗa keke da hannunsa don ya hau Goron Dutse ko ya bi hanyoyin burji na bayan gari, to ya fara da firam, domin shi ne zai rage bayan komai ya ci ya ƙare. Na kabon ba na Kano ba ne, in ya tsage babu mai gyara maka. Mai shok gaba da baya kuwa boris ɗin mahaɗansa ƙurar hunturu ke cinyewa. Abin da ya fi shi ne firam ɗin alminiyam 6061 mai shok a gaba kaɗai, ko da na gwanjo ne, in dai lafiyayye ne. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, kuma kayansa ba sa wuyar dacewa. Nemi wanda gidan fedarsa mai zare ne, faɗin milimita 68 ko 73, saboda kowane mai gyara zai iya kwance shi ya sa giris. Irin wanda ake dannawa da ƙarfi yakan fara ƙara da zarar ƙura ta shiga. Tun kafin ka biya, auna tsakanin ƙafafun baya: milimita 135 ne ko 148? Kan wilin da za ka saya dole ya dace da wannan awon. Ka kuma sayi ƙaramin ƙarfen da ke riƙe giyar baya guda biyu ka ajiye, don kowane firam da irin nasa, kuma shi ke fara lanƙwashewa in keke ya faɗi.

Taya mai inci 26 ta fi samuwa a hannun masu faci, amma sabon fok mai kyau nata ya yi ƙaranci. 27.5 ko 29 sun fi wa mai dogon lissafi.

A giya, Shimano Deore mai faifan haƙora 10 a baya da guda ɗaya a gaba ya isa. Kacarsa ta fi ta mai 12 araha, saitinsa ba shi da tsiwa, kuma yana hawa kan wili na HG da aka saba da shi. Mai 12 na Shimano na bukatar kan wili na Micro Spline, ƙarin kuɗi ke nan. Tourney, ƙaramar giyar Shimano, ta zuwa kasuwa ce kawai. Birki kuwa Shimano MT200 mai aiki da mai, da faifai mai milimita 180 a gaba, 160 a baya. Kada a zuba masa man birkin mota, robobinsa za su kumbura. Man minaral yake sha.

Sai batun jabu, wanda a nan kuɗin mutane ke salwanta. Ana manna sitikar Trek ko Giant a jikin ƙarfe mai nauyi a ce alminiyam ne. Tafi da maganaɗisu a aljihu: in ya kama, ƙarfe ne. Kifa keken ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda. In an goge ta, bar shi, wataƙila na sata ne. Sabon fenti a tsohon firam abin zargi ne. Haska tocila a waldar wuya da ta gindin sirdi, ka nemi siririn layi kamar gashi. Alminiyam da aka yi wa walda a bakin titi ba ya komawa ƙarfinsa na asali, ko da mai sayarwa ya rantse maka.

Kacar jabu ta fi komai yawa, har da kwali mai sunan Shimano ko KMC. Rubutun jikinta ba ya fita sosai, kuma tana saurin miƙewa ta tafi da haƙoran baya. Auna ta da rula: gaɓa 12 cikakku (kowace cikakkiya ta ciki ce da ta waje a haɗe) inci 12 ne daidai. In ta wuce da 1/16 na inci, canza ta. In ta kai 1/8, haƙoran ma sun tafi. Kada ka shafa mata baƙin man inji, yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar sanfefa. Ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, ka goge saura da tsumma.