Lambun Al-Azhar: tsohuwar bolar da na kai Kawu shan iska

Da Kawu ya zo Alƙahira ganin likitan ido, ni aka ɗora wa yawo da shi, tunda shekarata uku ke nan ina karatu a garin. Ranar Talata bayan la'asar na kai shi Lambun Al-Azhar da ke kan titin Salah Salem. Muka sayi tikiti a ƙofa, yana ta mitar wai a biya kuɗi don kallon ciyawa.

Sai da muka hau kan tudun na ce masa, "Kawu, nan da kake tsaye juji ne." Bai yarda ba. Kusan shekara 500 mutanen birnin suna jibge shara da ɓaraguzan gini a nan unguwar Darrasa, har ta zama tsauni. A 1984 Aga Khan, shugaban 'yan Shi'a Isma'iliyya, ya yi alkawarin yi wa Alƙahira lambu, aka buɗe shi a 2005, faɗinsa hekta 30, kuɗin aikin wajen dala miliyan 30. Lodin tifa kusan 80,000 aka kwashe. Ƙasar wurin gishiri ya cinye ta, dole aka gyara ta da ƙasa mai kyau kafin itace ya kama. A ƙarƙashin lambun kuma akwai manyan tankuna uku na ruwan shan gari, an rufe su ruf ba ka ganin alama.

Kawu ya durƙusa ya damƙi ƙasar gindin wani dabino, ya murza, ya shinshina. Manomi ne, hancinsa ba ya yi masa ƙarya. Ya ce, "Wallahi ba wari."

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ganuwar. Garin kwashe sharar aka tono katangar zamanin Salahuddin, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta, tana binne tun kaka da kakanni. An gyara ta, kana iya zuwa ka dafa dutsen da hannunka. Kawu ya yi shiru can, sai ya ce ya tuna badalar Kano da ledojin da ke kwance a gindinta. Ni ma ita ce ta faɗo min a rai, kuma raina bai yi daɗi ba.

Akwai tafki da wurin shan shayi a bakinsa, nan muka zauna. Ruwan ba leda ko ɗaya, ma'aikata na zagayawa da tsintsiya. Hawan tudun dai ya ɗan wahalar da gwiwar Kawu, mai tsoho ya riƙa tsayawa ana hutawa a kujerun hanya.

Ku guji Juma'a da ranakun salla, cika yake maƙil. Ku zo gab da magariba ku sami wuri a saman tudun, fuskarku wajen Darbul Ahmar, tsohuwar unguwar da ke gindin lambun. Kiran salla zai taso daga masallatai ta ko'ina a lokaci guda. Kawu ya sa na ɗaukar masa a waya, zai kai wa Inna ta ji.